An Amince Baki Ɗaya

Zuwa ga Sarkin Tambaya, jikar ɗan'uwana,

Sallama gare ki, da gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ki a ido ba. Ina fata kina lafiya, ke da yara da wancan yaron da ya ƙwace mini ke. Ki gaya masa har yau ban sake ki ba. Ni da sauƙi, sai ƙafar hagu da ke kumbura in na daɗe a zaune, da kunnen nan da ya ƙara nauyi. Shi ya sa ba na ɗaga wayarki. Ina ganin tana haske a kan tebur, in na kara a kunne sai in ji kamar ƙuda a cikin kwalba. Na koma wa takarda. Direban da ke zuwa wajenku duk Talata zai kawo miki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A bangon ɗakina na gabas, daidai kan gadona, akwai tsaga. Bara kamar zare take. Da rani tsinken ashana ya shiga. Jiya na sa fensir, ya shige har rabi. Kullum da safe sai na kakkaɓe garin siminti daga matashina. Na rataya kalanda a kanta don kada a gani.

Ba ki taɓa zuwa gidan nan ba. Bene ne mai hawa uku, iyali goma sha biyu, ni ina ƙasa. Mai gidan ya rasu, magadansa suna nesa, sun bar mana kula da shi. Mu biyar ne a kwamiti: Shugaba, wanda ke sayar da tayoyi, sai Malama, da Nas, da Tela, da ni magatakarda, saboda an ce rubutuna yana da kyau. Shekara biyu da suka wuce Shugaba ya ɗora manyan tankunan ruwa biyu a saman benen, ta gefen gabas. Mata suka huta da hawa da bokiti, kowa ya sa masa albarka. Amma ni na yi shekara talatin ina akawu a ofishin ayyuka, takardun gine-gine sun bi ta hannuna ba iyaka. Na san ruwa yana da nauyi, na kuma san ba a yi ginin nan don ya ɗauki wannan kaya ba.

Za ki ce me ya hana ni faɗa, tunda tambaya ce abincinki tun kina ƙarama. Shugaba ne ke kai ni asibiti a motarsa. Matarsa ce ke aiko mini da kwano. In ya ɗauke mini kai, ba ni da kowa a nan. Taronmu kuma bai wuce minti goma ba. Ya yi bayani, ya ce "akwai mai magana?" yana duban agogo, kowa ya dubi ƙasa, ni kuma in rubuta a littafi: An amince baki ɗaya.

Ana cewa gini yakan yi ƙara kafin ya faɗi, mutane su gudu. Ni ba zan ji ba. Ko an yi ihu daga waje ba zan ji ba. Wannan tunanin ya hana ni barci.

An gaya mini aikinki shi ne ki tara shugabannin ma'aikata ki sa su yi magana da juna. Da na ji na yi dariya, na ce yarinyar nan ta sami masu biyan ta don surutu. Yau dariyar ta ƙare. Ki koya mini yadda ake yi.

Kakanki.

*

Zuwa ga angona na fari,

Na karɓi wasiƙarka, na gode Allah da na ga rubutunka bai canza ba. Yara suna gaishe ka. Maigidan ya ce a faɗa maka ya ji saƙo, amma ya riga ya yi maka nisa.

Kaka, a tsaye nake rubutun nan don direba yana jira. Da farko ka ga likita game da ƙafar, ka kuma gaya masa ba ka barci. Na biyu, ka janye gadon daga bangon nan yau. Na uku, ka tabbata tsagar ƙaruwa take yi? Ka ja layi da biro a inda ta tsaya, ka rubuta kwanan wata a gefe. Wannan magana ta injiniya ce, a kira shi ya duba. Batun zaman da ka tambaya yana buƙatar natsuwa, zan rubuto maka shi a tsanake Talata mai zuwa.

Jikarka.

*

Zuwa ga jikata,

Na ga takardarki. Ina fata kina lafiya. Ƙafa tana nan yadda take.

Na karanta layin nan naki sau da yawa: "ka tabbata?" Sai kuma likita, sai in gaya masa ba na barci. Na gane. Kina ganin tsufa ya fara taɓa mini kai, ina ganin abin da babu. Ba laifinki ba ne, haka ake yi wa tsofaffi. Amma ki sani kunnena ne ya mutu, idona da hankalina suna nan. Na ja layin da kika ce. A kwana biyar tsagar ta wuce shi da yatsa biyu.

Injiniya kuwa, da bakin wa zan kira shi? Dole ya hau sama, makullin ƙofar sama kuma yana aljihun Shugaba.

Ranar Alhamis ya kai ni asibiti. Tun daga gida na shirya maganar a bakina kamar ɗalibi ya haddace darasi. Muna tsaye a cunkoso na buɗe baki, sai ya juyo da fara'a, ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Baba, ka ga yadda ruwa ke zuba a famfonmu kamar a otal? Mutanen gidan gaba har leƙe suke yi!"

Na ce, "Allah ya saka da alheri."

Shi ke nan abin da ya fito. Da muka dawo shi ya riƙe mini hannu har bakin ƙofa. Ki gaya mini, mutumin da ya riƙe hannunka, da wane harshe za ka ce masa abin alfaharinsa zai kashe mu?

Ina jiran Talata.

Kakanki.

*

Jikata,

Talata uku ke nan. Kowace na ja ƙafa har bakin titi, babu direba, babu takarda. In maganata ce ta ɓata miki rai, ki yafe wa tsoho. Tsoro ne ya yi magana, ba ni ba. Wannan ta gidan waya zan aika.

Damina ta sauka. Shekaranjiya an wuni ana ruwa, bangon ya jiƙe ya yi duhu. Yanzu yatsana ƙarami yana shiga. Na janye gadon ni kaɗai, tun hantsi har azahar, ina ja ina hutawa. Amma ɗakin ƙarami ne, abin da na samu kawai shi ne ƙafafuna suka koma inda kaina yake. Ina zama in ɗora tafin hannu a bangon, ko zan ji motsi da hannu tunda kunne ya ƙi. A hawa na biyu, daidai saman kaina, ƙaramin ɗan Nas yake kwana.

Akwai abin da na ɓoye miki, bari in faɗa ko ba za ki amsa ba. Ranar da aka yi taron tankunan nan, ba baki ɗaya aka amince ba. Tela ya miƙe ya ce yana tsoron nauyin, a fara tambayar masani. Lokacin ina ji da kunnen dama, na ji shi sarai. Shugaba ya yi dariya ya ce, "Kai da allura ka saba ɗagawa, komai nauyi ne a wajenka." Aka yi dariya, Tela ya zauna. Ni kuwa a ofis an koya mana cewa takardar taro ba ta nuna rigima, ana goge ƙura a bar shawara tsaf. Haka turawan da suka koya wa manyanmu suka bari, haka na yi shekara talatin. Na rubuta abin da na saba. A taro na gaba na karanta shi da ƙarfi, Tela ya dube ni. Tun daga ranar bai sake buɗe baki a taro ba, gaisuwa ma da hannu yake yi mini.

In bangon nan ya faɗi, da hannuna a ciki.

Kakanki.

*

Kaka,

Wallahi na yi kuka da na karanta wasiƙarka. Ban yi fushi ba, ban kuma taɓa zaton hankalinka ya taɓu ba. Layin da na ce ka ja, hujja nake nema maka, don in ka tsaya gaban mutane ba mai cewa tsoho ya ga dama ne. Na rubuto maka tun waccan Talata, ashe motar direban ta lalace, takardar tana can gareji cikin aljihun mota. Wannan na ba ƙaninsa hannu da hannu.

Ga yadda nake yi da manyan da nake tarawa, kuma ka yarda da ni, su ma tsoron juna suke ji kamar ku. Kada ka kira shi taro. Ka ce tsoho yana roƙon a zo a zauna da shi, ba wanda zai ƙi. A ɗakinka za a yi, ba a falon Shugaba ba. Kada a sa tebur a tsakani, littafin nan kuma ka rufe shi ka ajiye inda kowa zai ga a rufe yake. Tambaya ɗaya ce tak, kowa ita zai amsa: me ka gani a gidan nan wanda ba ka faɗa ba, me kuma ya hana ka faɗa? Ba a tambayar laifin wa. Ba mai mayar wa wani martani sai an zagaya. Shugaba shi ne na ƙarshe, domin in babba ya fara, saura sai "haka ne".

Kai za ka fara, kuma da naka laifin za ka fara, ba da tankin ba. Na san yana da ɗaci. Amma na sha gani, in mutum ɗaya ya sauke nasa kayan, saura sukan ji nauyin nasu.

Kunnenka kuma da kake kuka da shi, shi ne makaminmu. Ka ce duk mai magana ya fuskance ka, ya ɗaga murya, ya yi a hankali. In ya gama ka maimaita abin da ka ji, ya ce haka ne ko ya gyara maka. Ni sai na tilasta wa mutane wannan, kai ba wanda zai ce maka a'a. In an yi shiru kada ka cike shi. Ka ƙirga ashirin a zuciyarka.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Shugaba yana iya jin haushi. In ta kai ga haka, ɗaki yana nan a gidana. Amma kada ka kai Asabar ba a zauna ba. Ni ma yanzu ba na barci.

Jikarka, Sarkin Tambaya.

*

Zuwa ga jikata,

Gaisuwa da godiya. Jiya muka yi zaman.

Sun zo bayan la'asar, su huɗu. Kujera biyu gare ni, Malama da Nas suka zauna bakin gado, Tela ya tsaya jikin ƙofa kamar mai shirin gudu. Shugaba ya shigo yana cewa, "Baba, wasiyya za a ba mu ne? In akwai gado a fara da ni." Na yi murmushin dole. Na faɗi ƙa'idojin yadda kika tsara. Da na ce shi ne na ƙarshe, sai ya ɗaga gira ya ajiye makullin motarsa a gwiwa.

Ni na fara. Na dubi Tela na ce, "Shekara biyu da suka wuce ka yi magana a taro, na ji ka, na rubuta cewa ba wanda ya yi magana. Na zalunce ka. Abin da ya hana ni gyarawa, ina tsoron in rasa mai kai ni asibiti." Sai na miƙe na sauke kalandar.

Ba wanda ya motsa. Na fara ƙirga. Ina sha huɗu Nas ta juyo ta fuskance ni.

Ta ce, "Baba, ƙofar ɗakin kwanana ta daina rufuwa. Sau biyu kafinta yana fere ta. Na ce masa damina ce ta kumbura itacen, ya ce Hajiya, ba ƙofar ce ta karkace ba." Na maimaita, ta ce haka ne. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Ni na fi kowa guɗa ranar da ruwa ya hau bene. Da ciki wata takwas nake ɗaukar bokiti. Sai in zo in ce a sauke?"

Malama ta yi magana ƙasa-ƙasa, na ce ban ji ba. Ta sake, na ce ban ji ba. Jikata, na ji a karo na biyu, amma na ga kalmomin suna son komawa ciki. Sai ta ɗaga murya kamar tana aji: "Na ce tayil ɗin falona ya tsage daga bango zuwa bango, na shimfiɗa kafet a kai! Na ɗauka ni kaɗai ce!"

Tela ya daɗe. Na ƙirga ashirin, na ƙara goma. Ya ce, "Ni ba ni da abin da ban faɗa ba. Na faɗa aka yi mini dariya." Sai ya ƙara da cewa, "Amma tun bara na mayar da 'ya'yana kwana a shago. Na kwashe nawa na bar naku. Kullum in na wuce ƙofar tsohon nan sai in kasa duban idonsa." Ashe gaisuwar hannun da nake ɗauka fushi ce, kunya ce.

Saura Shugaba. Fuskarsa ta yi baƙi, jijiyar wuyansa ta tashi. Na ce a raina shi ke nan, na rasa shi. Ya miƙe, na zaci fita zai yi. Sai ya zo gaban bangon, ya sa yatsa a tsagar, ya karanta kwanan watan da na rubuta. Ya juyo ya durƙusa daidai fuskata don in ga bakinsa.

Ya ce, "Baba, wata biyar ke nan rabi nake cika tankunan. Kullum da sassafe ina hawa in duba. Akwai tsaga a ƙarƙashin na hagu, hannuna yana shiga. Shi ya sa na riƙe makullin."

Na manta da ƙa'ida na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In faɗa wa wa? Duk wanda na dubi fuskarsa sai ya ce Allah ya saka. Na zo na karɓi littafinka na karanta, ko zan ga wanda ya taɓa shakka in je in same shi. Shafi bayan shafi, an amince baki ɗaya. Maganar Tela ma na ce ko mafarkinta na yi. Na ce to ni kaɗai ne matsoraci."

Sai da na maimaita wannan ma, da bakina, a gaban kowa. Ya ce haka ne. Ban taɓa ɗaukar magana mai nauyin ta ba.

Kafin magariba an buɗe tankunan, ruwa ya bi kwata har titi. Ya miƙa wa Tela makullin sama. Injiniya zai zo gobe. Da zai fita bai yi mini sallama ba, kuma jiya kwano bai zo ba. Yau zan sake kwana a ɗakin nan. Ki yi mini addu'a.

Kakanki.

*

Zuwa ga amaryata,

Ina fata kuna lafiya. Ina rubuto miki daga ɗakin bayan shagon Tela da ke tsallaken titin gidanmu, tsakanin keken ɗinki biyu da buhun ƙyallaye.

Injiniya ya zo, ya hau, ya sauko yana goge zufa. Ya ce duk gefen gabas a kwashe a ranar, iyali huɗu, sai an tokare ginin an gyara. Ina zaune bakin gado ina tunanin yadda zan ja akwatina sai ga Shugaba. Bai gaishe ni ba. Ya saɓa akwatin a kafaɗa, ya dawo ya ɗauki katifa, ya dawo ya tsaya a kaina ya ce da ƙarfi, "Shekara biyu kana rubuta cewa ina da gaskiya. Da ka zage ni sau ɗaya da ka fi taimakona." Sannan ya miƙo hannu ya tashe ni.

Ranar Laraba da rana aka yi ruwa mai ƙarfi. Ina zaune ina kallon Tela yana yanka yadi, sai na ga almakashin ya tsaya a hannunsa, ya ɗago kai. Mutane suna gudu a titi. Ni ban ji komai ba, ko kaɗan. Ya kama hannuna ya kai ni bakin ƙofa ya nuna mini. Wani ɓangare na saman bangon gabas ya ɓalle ya rufta cikin ɗakina. Da ƙura ta lafa muka je muka leƙa ta tagar ɗakin. Bulo ya cika inda gadon yake, har da inda na janye shi. Ba wanda ya ji ciwo. Tela ya mayar da ni shago. Har yanzu in na zauna sai in tarar da tafina a jikin bango, ko da na Tela ne mai lafiya.

Jiya muka sake zama, a nan shago, a kan kujerun masu jiran ɗinki. Yanzu duk Asabar ne, kuma Malama ce ke hana Shugaba magana sai an zagayo. Yana ta motsi kamar an ɗora shi a kan garwashi, amma yana jira. Batun shi ne inda za a sa tankunan in an gama gyara. Su huɗu suka ce a gina musu ƙafar ƙarfe a tsakar gida, kusa da bangon yamma. Ni na ce a nisanta su da kowane bango. Aka zagaya sau biyu, ban canza ba, su ma ba su canza ba. Aka ce injiniya ya raba mu.

Na buɗe littafin. Tela ya leƙo ta kafaɗata yana cewa, "Mu gani, Baba, ko hannun zai yarda." Hannun ya so ya bi tsohuwar hanya, sai da na riƙe shi. Na rubuta abin da kowa ya ce, da sunansa a gefe. A ƙasa na rubuta: Mutum huɗu sun amince, mutum ɗaya bai amince ba, shi ne magatakarda.

Kwanon ya dawo tun shekaranjiya. Ɗakin da kika ce, ki bar mini shi zuwa bayan damina, yanzu ina da zama duk Asabar. Ki gaishe da ɓarawon matata.

Kakanki.